Kaciyar Mota

A Gaya, duk motar da ta iso daga Kwatano, kafin a sa mata lamba sai an yi mata kaciya. Haka makanikanmu suke kiran abin. Akwai wani ɗan ƙarfe a hanyar ruwan inji, ana ce masa kalorsta, aikinsa shi ne ya tare ruwa har sai inji ya ɗau zafi. Mu kuwa muka ce wannan kayan ƙasar sanyi ne, me zai yi a garin da mutum kan fito daga wanka yana gumi? Sai a cire shi a jefar. Na tashi na tarar ana yi, ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba. Ni ma da nake koyar da lissafi a kwaleji, nake cika wa ɗalibai kunne da kawo hujja, ban tambaya ba.

Yayana shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ya bar makaranta ya kama kasuwa don ni in yi karatu, har Allah Ya buɗa masa a Yamai. Ba ya kirana da sunana, sai Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. In gardama ta tashi a dangi, ko kan iyakar gona ko kan wa ya ce me, yakan kashe ta da magana guda: a tambayi Mushe, shi ba ya ƙarya. Ba ni da gidan sama, ba ni da shago. Wannan shaidar tasa ita ce abin da nake taƙama da shi, kuma na san haka.

Da bazara ya zo Gaya da motar. Ja ce wur, irin ta tsere, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Kuma sabuwa ce dal daga gidan masu sayarwa, ba irin waɗanda Turawa suka gaji da su ba. Mutum ya haura hamsin, ga tumbi, in zai fito daga cikinta sai ya dafa ƙasa. Na ce masa, “Yaya, wannan ai sai ka ɗauki mai ciro ka.” Ya yi dariya har da ƙwalla. Ban taɓa ganinsa yana murna da wani abu haka ba.

Zai wuce Kwatano kwana goma, sai ya bar ta a gidana. Ya nuna mini takardar garanti, ya yi mini bayani: duk abin da ya lalace a shekarun farko, gidan da suka sayar su za su gyara kyauta, muddin ba wani makanike na waje da ya sa mata hannu.

“Ka riƙa tada ta, ka ɗan zagaya in kana so,” in ji shi. “Amma kapo, murfin injin nan, Mushe, kada kowa shi buɗe. Ko kai.”

Na ce to.

Rana ta uku na fita da ita, wai don kada batir ya kwanta. Gaskiyar magana so nake a gan ni. Ina cikin tafiya na lura allurar zafi ta hau ta tsaya a tsakiya cak. Duk motar da na taɓa shiga a Gaya allurarta a ƙasa take barci, in ta kai tsakiya kuwa direba ya fara neman jarka. Ga fanka a gaba tana huci kamar injin niƙa. Sai na karkata garejin Baba.

Baba abokin mahaifinmu ne, shi yake gyara motocin gidanmu tun ina ɗan makaranta. Ya zagaye motar sau biyu da hannu a baya, ya leƙa ya dubi allurar.

“An yi mata kaciya?”

Na ce ban sani ba, sabuwa ce.

“Shi ya sa. Za ta dahu, ɗana. Wanga zahi na Gaya ba ya san sabuwa ba.”

Na gaya masa abin da Yaya ya ce game da kapo. Ya ce ai gyara aka hana, wannan kuwa rigakafi ne, kuma in motar ta ƙone a hannuna me zan ce wa mai ita? Wannan tambayar ce ta kayar da ni. Da hannuna na ja maɓallin kapo.

Aikin da yake gamawa kafin shayi ya huce, ranar sai da ya ci masa har la’asar. Kalorstar wannan motar a cikin wani gida na roba take, a like, ba ta fita. Baba ya yi ta tsaki yana zagin wanda ya ƙera ta, daga ƙarshe ya sa filaya ya fatattako cikinta, ya mayar da gidan fayau. Da na tayar, allura ta kwanta ƙasa lumui. Na ji daɗi ƙwarai, na koma gida ina ganin na ceci dukiyar ɗan’uwana. Bayan kwana biyu wata fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a tablo, gaban direba. Baba ya cire kan batir ya mayar, ta mutu. Ta sake kunnuwa ana gobe Yaya zai dawo, aka sake kashe ta.

Na yi niyyar gaya wa Yaya, har na shirya yadda zan fara. Amma ya dawo a gajiye, ga rasuwa an yi a dangin matarsa wajen Yelu, washegari da safe muka kama gudron Dosso, wato kwalta, za mu ta’aziyya. Shi yake tuƙi. Da ya sami miƙaƙƙen wuri ya ce, “Bari ka ji abin da nis saya,” ya taka ta. Ta manna ni da kujera. Ba mu yi nisa ba sai ga wani ƙara daga gaba, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana dukan tukunya da ludayin ƙarfe. Jar fitila ta kama. Motar ta yi wata girgiza ta mutu, muka gangara gefen hanya.

Ƙasa sai baƙin mai yake ɗiga.

Yaya ya kira gidan motar a salula. Ina jin muryar mutumin sama-sama yana jero tambayoyi, irin isansi, wato fetur, da aka sha, ko an shiga ruwa. Can sai Yaya ya rufe salular da tafin hannu ya juyo.

“Mushe, akwai wanda yat taɓa ta?”

“Ba wanda yat taɓa ta.”

Haka ta fito, sumul, ban ko yi in-ina ba. Har yau ina jin haushin saurin da bakina ya yi. Ya koma kan salula ya ce musu ba wanda ya taɓa ta, suka ce za su aiko da kamyo, babbar mota, ya ɗauke ta.

Kwana huɗu kamyon bai zo ba. Motar, da muka sa aka jawo ta gari, tana ƙofar gidana a lulluɓe, ni kuma na kasa cin tuwo. A aji na rubuta lissafi ɗaya sau biyu a allo, sai da wata ɗaliba ta tuna mini. Na je wurin Baba na tambaye shi ko za a iya mayar da kalorstar. Ya ce wadda ya farfasa? Irinta kuma ko a kasuwar Kamba ba za a samu ba. Ya ajiye sifanar da ke hannunsa ya dube ni.

“Mu tahi tare mu hwaɗa mishi. Ni niy yi aikin, sai in ce ni na.”

Na daka masa tsawa, dattijon da ya girmi ubana. Na ce in ya buɗe baki garanti ya tashi, injin wannan motar kuwa ba abin da talaka zai saya ba ne. Sai ya ce, “To, ɗana. Amma ramin ƙarya ƙurarre na.” Na fita ban yi masa sallama ba. A raina na san garanti ba shi ne abin da na fi tsoro ba. Fuskar Yaya nake tsoro.

Bayan mako guda da ɗauke ta, gidan motar suka kira Yaya Yamai, ya ce in zo mu tafi tare tunda a hannuna ta zauna. Wurin gyaransu tas yake, ana iya shimfiɗa tabarma a yi salla. Motar tana sama a kan ƙarafa, an zare mata inji. Shugaban masu gyaran, wanda kowa ke ce wa shef, wani Bazabarme ne mai furfura, ba ya ɗaga murya. Ya kai mu ofishinsa, ya juyo mana da fuskar wata na’ura da suke kira balis, wadda ake jona wa mota ta faɗi duk abin da ya same ta. Ni ban san mota tana riƙe labari ba sai ranar.

Ya nuna wani layi da biro. Ya ce tun da aka sayi motar, kullum inji yana kai zafin da aka tsara masa, wato allura a tsakiya. Daga wata rana kuma bai sake kaiwa ba. Ya ce sau biyu aka cire batir a kwanakin. Lissafi sana’ata ce, kafin ya gama na riga na gane ranakun.

“Alhaji, zan sake tambaya, don abin da kuka faɗa shi zan rubuta in aika wa masu ƙera ta. Wani ya buɗe motar nan?”

Yaya bai ko waiwaye ni ba. Da ya waiwayo, wataƙila da na yi magana.

“Shef, ni ban nan. Amma wanga da kaka gani ƙanena na, ni nir rene shi. Bai taɓa yi min ƙarya ba. Wallahi tallahi, tunda yac ce ba a taɓa ta ba, ba a taɓa ta ba. Na’urarku ta yi kure.”

Ya rantse da Allah a kan maganata. Shef ya sunkuyar da kai kamar shi ne ya ji kunya, ya miƙa hannu zai ja aljihun tebur.

Na ce, “Yaya, an yi mata kaciya.”

Shef bai san kalmar ba, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Yaya kuwa ɗan Gaya ne, ba ya bukatar fassara. Shef ya ƙarasa jawo aljihun, ya fito da gidan robar nan ya ajiye a kan tebur, ga sawun filaya a bakinsa. Ashe tun ranar farko suka gani. Na faɗi sauran, da allura, da Baba, da batir. Ina jira Yaya ya zage ni, ko ya mare ni a gaban mutane, da na fi son haka. Sai kawai ya ce wa shef, “Ka yi haƙuri, na hwaɗi abin da ban sani ba. Rubuta gaskiya.”

Shef ya ce zai rubuta duka, da kaciyar da abin da suka gani a cikin inji, hukunci kuma na masu ƙera ta ne. Ya ce kada mu sa rai sosai.

A gidan Yaya na kwana. Washegari aka kawo abin kari ya ce yana azumi. Matarsa ce ta gaya mini na kaffara ne, kwana uku. Limamin unguwarsu ya ce masa wanda ya rantse bisa abin da ya ɗauka gaskiya ne babu kaffara a kansa, ya ce ya ji, amma zai yi. Ina zaune da kofin koko a gabana, mutumin da ya ciyar da ni tun ina yaro yana jin yunwa saboda bakina. Ban iya kwana na biyu ba, na hau bas na koma Gaya.

Amsa ta ɗauki kusan wata biyu. Duk lokacin da salula ta yi ƙara sai in yi maza in duba lamba. Da amsar ta zo, matar Yaya ce ta kira ni. Famfon da ke tura mai cikin inji ne ya karye, kuma daga can aka ƙero shi da aibi, ba motarsa kaɗai abin ya samu ba. Kaciya ba ta da hannu a ciki. Sun sa sabon inji a garanti, kalorstar kawai suka ce ya saya, tare da gargaɗi a rubuce. Wato da na faɗi gaskiya a bakin hanya, da abin da zai biyo baya bai wuce faɗa na kwana biyu ba.

Da Yaya ya zo Gaya da salla, a cikin jar motarsa, garejin Baba ya fara tsayawa. Ya gaishe shi, ya ba shi shadda, ya ce ai shi abin da ya sani ya yi. Ni ma bai canza mini fuska ba. Yana kirana Mushe, yana aiko wa ƴaƴana kayan salla, muna cin abinci kwano ɗaya. Na roƙe shi gafara ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe ɗin. Har na fara sakin jiki.

Bayan damina innarmu ta Karakara, ƙanwar mahaifiyarmu, ta rasu da hantsi. Ni aka fara gaya wa, na kira Yaya nan take. Ya yi salati, ya ce zai taso yanzu. Na ajiye salula ina neman takalmina. Sai salular matata ta yi ƙara a kan tabarma, kusa da ƙafata, na ga lambarsa ce. Ta ɗauka, ɗakin kuma shiru ne, ina jin komai.

“Amarya, yanzu Mushe yak kira ni. Wai gaskiya na, Inna ta rasu?”

Matata ta dube ni, ta ce masa gaskiya ne.