Gidiyon Mai Liƙin Roba Ya Shiga Ruwa

Duk wanda tankin ruwansa ya taɓa tsagewa tsakanin Fagge da Sabon Gari ya san Gidiyon mai liƙin roba. Rumfarsa na wani lungu bayan Bata, ƙaurin narkakkiyar roba ne zai kai ka tun kafin ka yi tambaya. Mutumin kudancin Kaduna ne, ya zo Kano yana saurayi, yanzu furfura ta cinye gemunsa. Ni kuwa Abdulhafiz nake, ɗan adaidaita daga Kwaciri. Shekara tara ina yi masa dakon tankuna, shekara tara muna faɗa, don wallahi mutumin nan akwai taurin kai.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. In ya liƙe abu, ko bokiti ne, sai ya cika shi da ruwa, ya barbaɗa toka a bayan liƙin, ya bar shi ya wuni. Toka ta zauna a bushe, ɗauki kayanka. Ta yi damshi, ko birgima za ka yi ba zai ba ka ba. Sau nawa na yi asarar fasinja ina jiran toka!

Wata Alhamis sai ga Kenechukwu, mai shigo da kayan gwanjo, an ɗauko masa wani dogon abu ja, tsawon mutum biyu, da rami a tsakiya. Nan da nan lungu ya cika. Wani ya ce kwamin wanka ne, wani ya rantse makarar Turawa ce. Kenechukwu ya ce sunansa kayak, kwale-kwalen mutum ɗaya ne da ake shiga don shaƙatawa. A cikin kwantena ya tsage ta ƙasa, kamar tsawon tafin hannu. Kuma har ya samu mai saye, wata Malama Khairiyya da ke koyarwa a Fagge, wadda ta iya tuƙa shi tun tana hidimar ƙasa a Legas. Litinin za ta zo ɗauka.

Gidiyon ya liƙe, ya cika shi da ruwa, ya sa toka. Toka ta wuni a bushe ƙarau. Na ce alhamdulillahi, an gama. Shi kuwa sai zagaya abin yake yi, yana ƙwanƙwasawa, yana leƙa ramin.

"Abdul, tanki ruwan ciki yake riƙewa," in ji shi. "Wannan kuwa na waje zai hana, ga nauyin mutum a kai yana motsi. Gwajina bai gwada komai ba."

"To sai me, Baba?"

"Sai in shiga."

Na ce kai! Mutumin da ko kududdufi bai taɓa shiga ba? Wanda in ruwa ya taru a titi sai ya ce in zagaya? Na yi masifa har muryata ta dishe. Ya bari na gama, ya ce ranar Litinin 'yar mutane za ta ɗora ranta a kan liƙinsa, shi kuma bai san abin da liƙin zai yi ba.

Lahadi yana fitowa daga coci muka ɗaure abin a kan adaidaitana, sai dam ɗin Wasai. Can muka samu wani masunci, Malam Abdulnasir, yana gyaran koma. Ya jujjuya filafilin tuƙin da ya zo da kayak ɗin, mai baki biyu, ya ce tunda yake bai taɓa ganin irinsa ba, amma ruwa dai ruwa ne. Ya sa Gidiyon ya ɗaura rigar hana nutsewa da ta zo da kayan, ya ja igiyoyinta tamau, ya ce ba inda za a wuce sai inda ruwa ke iya ƙugu.

Gidiyon ya ɗaga ƙafa ya taka ciki a tsaye, kamar mai hawa adaidaita. Tsulum! Ya taso yana tari, wandon cocinsa duk laka. Allah Ya yafe mini, na yi dariya har da riƙe ciki. Masuncin ya ce a zaune ake shiga, mazaunai tukuna, sannan a miƙe ƙafafu a tokare. Gidiyon ya shiga. Sai kuma ya dage da tuƙi ta dama kaɗai, abin ya riƙa juyi da shi wuri guda.

"Me ya sa yake komawa hagu alhali dama nake ja?" Da gaske yake tambaya, ba da fushi ba. Haka ya yi ta yi. Me ya sa in ya kalli ƙasa sai ya karkata? Me ya sa in ya saki jiki sai ya daidaita? Kafin la'asar ya gano da kansa: dama, hagu, dama, ido a gaba.

Sannan ya fito da abin da ya kawo mu. Ya goge cikin kayak ɗin, rana ta busar, ya barbaɗa toka a kan liƙin ta ciki, ya kife ƙaramin kwano a kai, ya manne da salatif don kada fantsamar ruwa ta taɓa. Ya shiga, masuncin na biye da shi a nasa jirgin. Suka fara nisa da gaɓa. Tsoro na ji, tsoro sosai, na tsaya a gaɓa ina ta ihun ya dawo haka nan.

Da ya dawo fuskarsa a washe take. "Abdul, ashe haka kan ruwa yake shiru?" Ya durƙusa ya ɓare kwanon.

A cikin tokar akwai baƙin layi, siriri kamar zare, daga farkon liƙin har ƙarshensa.

Murmushin ya ɗauke. Tausayinsa ya kama ni, na ce ai ɗan damshi ne, ya ƙara shafa roba a kai gobe da safe, wa zai sani? Ko kallona bai yi ba. Ya goge hannunsa, ya ce in kira masa lambar da Kenechukwu ya bar mana.

"Malama Khairiyya? Gidiyon ne mai liƙi. Don Allah kada ki zo gobe. Na shiga da kaina, aikina bai kama ba."

Ina jin muryarta ta waya. "Kai ka shiga, Baba? Ka iya ruwa ne?"

"Ban iya ba, shi ya sa ban yi nisa ba," ya ce. "Ke da kika iya, da can tsakiya zai buɗe miki."