Abin da Na Ƙi Faɗa wa Allah Game da Rumbu

Ɗazu da aka buɗe rumbu za a ɗebi geron sadakar arba'in ta maigidana, ƙanshin tsohon gero ya doke ni, sai hawaye. Mutane sun zaci shi nake yi wa kuka. Ina yi masa, amma ba shi kaɗai ba. Rubuta, jikata, kada ki gyara mini magana.

Ban fi shekara bakwai ba, muna ƙauyenmu a gindin duwatsun Dutse, Nasara bai daɗe da zuwa ba. Bayan girbi aka fara ɗibar samari su yi masa dakon kaya, wasu kuwa in sun tafi shi ke nan. Babana ya ɓoye ƙanensa, baffana, a rumbun bayan ɗaki. Aka gaya wa mai unguwa wai baffan ya tafi fatauci.

Gidanmu ya koma gidan raɗa. Duk wanda ya yi sallama sai an bi ƙafarsa da kallo: mai tallan daddawa, wanzami, har maƙwabciyarmu mai ƙosai da takan shigo ɗibar wuta.

Kakata ce kaɗai ba ta iya raɗa ba. In ta sallame la'asar, sai ta miƙe ƙafa a kan tabarma ta yi wa Ubangiji magana da Hausa, ba ta rage komai. Ranar na ji tana cewa, "Ya Allah, ka san autana yana cikin rumbu. Mun yi ƙarya mun ce ya tafi fatauci. Tsoro ne ya sa mu. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba."

Babana ya durƙusa ya ce, "Inna, danga ce fa kawai tsakaninmu da mutane."

Ta ce, "Wanda ya halicci geron zan ɓoye wa rumbun?"

Bayan kwana uku dogarin hakimi ya zo. Bai leƙa ɗaki ko ɗaya ba, rumbun ya nufa kai tsaye. Baffana bai sake dawowa ba.

Zargi ya sauka a kan mai ƙosai, tunda ɗakinta ne a jikin dangar. Ta yi rantsuwa har muryarta ta dushe. Aka daina amsa gaisuwarta, aka daina sayen ƙosanta. Da ta rasu, ba wanda ya taka daga gidanmu ya je ta'aziyya.

Ni ce na tona asirin, jikata. Muna wasa a gindin dabino na yafa tsumma, na miƙe ƙafa, na kwaikwayi addu'ar kakata tiryan-tiryan, yara suna ta dariya. A cikinsu akwai 'yar mai unguwa.

Tun daga ranar nake salla ina cewa "ka gafarta mini zunubaina" a dunƙule, ina tsallake wannan, ina ɓoye wa Allah, sai ka ce shi ma dogari ne. Maigidana ya rasu bai sani ba.

Yanzu ko'ina lasifika ce, addu'a tsararriya, kowa yana ji, amma na daɗe ban ji mai gaya wa Allah abin kunyarsa ba. Yau da la'asar na miƙe ƙafa na faɗa masa da Hausa, har na ambaci mai ƙosan.

Jikokinta suna nan bayan kasuwa. In kin gama rubutun, ɗauko mayafinki, ke za ki karanta musu, ni zan zauna a ƙasa.