Ranar da Kawu Lasifika Bai Gani Ba

Kawu Lasifika bai taɓa faɗin abu daidai girmansa ba, kuma sana'a ce ta koya masa. Tun yana saurayi yake yawo da lasifika a kafaɗa yana shela a kasuwa da unguwanni: yaro ya ɓace, an buɗe shagon siminti, maganin tsutsar ciki ya iso. Da wuri ya gano cewa idan ka ce "akuya ta ɓace", ba mai ɗago kai. Amma ka ce "akuya mai ciki, ta marayu, uwarsu tana can tana kuka", yanzu za ka ga har mahauci ya ajiye wuƙa yana leƙen ƙarƙashin teburinsa. Da wannan ƙarin gishirin ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, ya saka yaransa a makaranta. Matarsa ma takan ce da shela ya same ta, don gida ya ce mata yana da shi, ta zo ta tarar da ɗaki ɗaya da rabin katanga.

Da wayoyi suka cika gari, shela ta mutu, kowa ya zama mai shelar kansa. Lasifika ta koma saman kwaba, gizo-gizo ya kama haya a cikinta. Kawu ya zauna a gida yana ba kaji labari, har wata ƙungiyar sa-kai mai sa ido a kan zaɓe ta tsince shi. Ofishinta ɗaki ne a saman shagon mai faci, da benci, da fanka mai juyawa in ta ga dama. Shugabar tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, Anti Nas ake ce mata. Ta lura mambobinta duk in aka miƙo musu makirfo sai su soma in'ina, sai ta naɗa Kawu kakakin ƙungiya. Bawan Allah ya farfaɗo. Ya koma aske gemu, ya koma gaisawa da mutane tun daga nesa.

Zaɓen cike gurbi na farko ya ɓata rawarsa. Ruwan sama ya sauko, jami'in zaɓe ya ɗauki akwatin ƙuri'a daga gindin bishiya ya shige aji. Kawu yana bakin titi wani ya ba shi rabin labari, shi kuma ya cike sauran a rediyo: "An yi awon gaba da akwati, jama'a sai gudu suke!" Gudun dai an yi, amma ruwa ake guje wa. Samari suka zo da sanduna, jami'in ya ɓuya a ƙarƙashin tebur. Anti Nas ce ta yi ta yawon ba da haƙuri.

"Kawu," ta ce masa, "an shirya wa ƙungiyoyi irin tamu horo a kan yadda ake magana da jama'a. Za ka je. In ka dawo yadda ka tafi, na sauke ka, ka koma wajen kajinka."

Malamar horon sa'ar 'yarsa ce. Tana cikin bayani wani mutum ya shigo ya ɗauki kujera ya fita. Ta juyo wajen Kawu.

"Baba, me ka gani?"

Kawu ya miƙe, ya gyara murya. "'Yata, wani ƙato ne ya kutso, ido jajir, ya sungumi kujera ya arce!"

"Ka ga idon nasa?"

"Baya ya ba ni. Amma irin tafiyarsa ta masu jan ido ce."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Aka kirawo ƙaton, sai ga mai shara, siriri kamar tsinke, kujerar ma takawa zai yi ya canja ƙwan fitila.

Malamar ba ta yi dariya ba. "Baba, abin da idonka ya gani, faɗe shi yadda yake. Wanda aka gaya maka, ka ce gaya maka aka yi. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba."

"Haba 'yata! In ce ban sani ba a rediyo? Surukaina suna saurare fa."

"Masu sanduna ma suna saurare, Baba."

Wannan ta shige shi. Ya koma gida yana gwaji a kan iyalinsa. Matarsa ta tambaya daga madafa ko an kawo wuta, ya ce, "Na ga ƙwan fitila a kunne. Ko wa ya kawo ta, ban sani ba." Ta leƙo da ludayi a hannu, ta ce, "Baban yara, in ba ka da lafiya ka faɗa, kada ka ɓoye mini."

Ranar babban zaɓe aka tura shi wata makarantar firamare. Ya zo da filas na ruwan ɗumi, don a cewarsa murya ma tana son wanka. Tun safe yake kurɓa yana kallon layi. Da rana ta take, ruwa ya nemi hanyar fita. Bayan gidan makarantar yana can ƙarshen fili, ƙofarsa ba sakata, sai ka tokare ta da ƙafa. Yana cikin wannan tokarewar ya ji ihu ya tashi.

Kafin ya ɗaure tazuge ya iso, layi ya watse, benci a kife, ga takalmin wani ƙafa ɗaya a tsakar fili. Mutane suka yo kansa. "Kawu, sun canja akwati!" "Kawu, an mari jami'ar zaɓe!" Wani ɗan jarida ya cusa masa waya a baki.

"Baba, kai ne kakakin masu sa ido, kai tsaye muke. Me ya faru?"

Harshen Kawu ya soma ƙaiƙayi. Shelar ta riga ta haɗu a bakinsa, da kanta da ƙafafunta, irin wadda bai samu ba tun yana saurayi. Sai ya hango samari a bakin ƙofa sun kara rediyon waya a kunne, ɗaya har ya tsinci guntun katako. Ya dubi jami'ar zaɓen, yarinya ƙarama, ta rungume akwati.

"Ban gani ba," in ji shi.

"Baba, ba a nan kake ba?"

Kawu ya ce, "Ina bayan gida, ɗana. Abin da na tarar shi ne akwati yana hannun jami'a, a rufe, hatiminsa bai tsinke ba. Benci ya kife. An gaya mini an mare ta, ban gani ba, ga ta nan a tambaye ta."

Dariyar da aka tuntsire da ita har titi an ji. Mai katako ma sai da ya dafa katanga. Jami'ar ta ce ba wanda ya taɓa ta: wakilan jam'iyyu biyu ne suka kaure a kan wanda zai raka wani tsoho mai larurar ido, tsohon kuwa ya lallaɓa ya jefa ƙuri'arsa suna can suna cakumar juna. Aka tayar da benci, layi ya dawo. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Kawu, sannu da fitowa." Ya amsa wa kowa, kansa a ƙasa.

Da yamma wayarsa ta yi ƙara. Anti Nas ce.

"Kawu, duk gari ya san inda kake da tsakar rana."

"Na sani, Shugaba. Ki naɗa wani kawai."

"Wa zan naɗa? Gobe da safe akwai taron manema labarai, kai za ka yi magana da yawunmu. Ka zo da wuri."

"In suka tambaye ni batun ɗazu fa?"

"Ai ka riga ka ba su amsa."

Ya kashe waya, ya ja benci kusa da inda ake ƙidaya, ya zura wa hannun jami'ar ido. Ƙishirwa tana cinsa, amma har aka ɗaga ƙuri'ar ƙarshe bai sake taɓa ruwa ba.