Mai Jadawali Ya Tafi, 'Yarsa Ta Maƙale a Aji Uku

Daminar bana ta cika shekara takwas da rasuwar yayana, Malam Mansur, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Mai Jadawali. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ne babba ni ce auta, kuma tun da mahaifinmu ya kwanta dama shi ya zame mana uba. Kowace shekara in lokacin ya zagayo nakan soya waina in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da ke faruwa a gidansa da ke Kurmin Mashi.

Yaya ba malami ba ne mai shiga aji. Akawu ne a ofishin jarrabawa na wata babbar makaranta a nan Kaduna, ya shafe shekara ashirin da ɗoriya yana shigar da sakamakon ɗalibai cikin fayil. Shi kansa a difloma ya tsaya. Mahaifinmu direba ne a tashar Kawo, da ciwon ƙafa ya hana shi tuƙi sai Yaya ya ajiye karatu ya nemi aiki. Amma zaman da ya yi da takardun mutane ya nuna masa wani abu da ya riƙa damunsa. Yawancin waɗanda ke ƙara shekara, ko su gaji su bar makaranta, ba daƙiƙai ba ne. Rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. Ɗalibi zai cika fom ɗin rajista da duk abin da ya ga abokinsa ya cika. Bai san wani kwas ƙofa ne ga wani ba: in ba ka ci na farko ba, ba za a bar ka ka ɗauki na biyu ba, kuma na farkon sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Kuskure ɗaya a fom, shekara guda ta salwanta.

Ba wanda ya ɗora masa aikin. Bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ajiye rula da fensir da doguwar takarda. Ɗalibi ya zauna, Yaya ya tsaga takardar gida-gida, kowane gida zangon karatu ɗaya, har zuwa ranar gamawa. Sai tambayoyi. Me ka ci, me ka faɗi, kana wata sana'a, wa ke ciyar da kai? Wanda ke jan keke-napef da safe ba ya bari ya lafta wa kansa kwas da yawa. Mai juna biyu yakan tambaye ta watan haihuwa kafin ya ja layi ko ɗaya. Yana da faɗa, ba na ɓoyewa. Na sha ganin ƙato da gemu ya tashi daga tabarmar nan ido ya yi ja. Amma washegari sai ka gan shi ya dawo da takardarsa a ninke cikin aljihu.

Abin da ya fi ba shi wahala shi ne na waɗanda suka fara karatu a wani wuri suka zo ƙarasawa. Akwai Nura, ɗan wani lebura da ke sauke buhuna a Babbar Kasuwa, mutanen Zamfara ne. Ya yi difloma a garinsu, ya samu shiga digiri a nan, aka ce masa kusan duk abin da ya karanta a baya ba a san da shi ba, sai ya sake. Ya zo yi wa Yaya sallama ne, zai koma kasuwa wurin ubansa. Yaya ya karɓi takardunsa ya duba, ya ce kwas huɗu daga ciki abu ɗaya ne da na nan, suna ne kawai ya bambanta. Ranar Asabar ya hau mota a Kawo ya tafi tsohuwar makarantar Nura da ƙafarsa, ya kwafo bayanin abin da ake koyarwa a kowane kwas, ya jera shi gefe da gefe da na nan. Sau biyu shugaban sashe yana mayar da shi, har da ce masa akawu ya tsaya a matsayinsa. A karo na uku aka karɓi uku aka ƙi ɗaya. Nura ya gama, yanzu ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati, da iyalinsa.

Ni kuwa a lokacin ba kullum nake yabawa ba. Abincinsa ya huce yana tabarma, matarsa Hajiya Balaraba ta gaji da ɗumamawa. Da ɗana Abba ya faɗi wani kwas a shekararsa ta biyu, na je na roƙe shi ya ga malamin, tunda sun san juna. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Auta, maki ba nawa ba ne da zan bayar. Hanya kawai na sani." Na ce masa shi inuwar giginya ne, na nesa ka sha. Wata biyu ban taka gidansa ba. Daga baya na ji ashe tun a makon ya kira Abba ya ja masa nasa layukan, yaron ya bi, ya fita tare da sa'o'insa. Ban taɓa ba shi haƙuri kan maganar giginyar nan ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Jinyar kwana tara ya yi. Ya rasu da hantsi, ana yayyafi. 'Yarsa Asma'u, wadda ita kaɗai Allah ya bar masa, tana da shekara goma sha huɗu.

Asma'u ta taso da kan karatu irin nasa. Ta samu jami'a a wata jiha maƙwabciya, tana karanta ilimin ƙananan halittu masu jawo cuta, ta yi shekara biyu ba ta faɗi ko kwas ɗaya ba. Sai hanyar garin ta lalace da 'yan fashi. Duk ranar da za ta koma makaranta uwarta ba ta iya cin abinci har sai ta ji ta sauka. Da aka tare wata mota da ta tashi gaban tasu, Hajiya Balaraba ta ce ta gama, a dawo mata da 'yarta kusa. Ba wanda ya ga laifinta. Muka nemi canji zuwa wata jami'a a nan.

Daga nan muka shiga abin da har yau ba mu fita ba. Sabuwar makarantar ta ce sai tsohuwar ta aiko da cikakken sakamakonta a rufe, ofis zuwa ofis. Takardar ta yi wata bakwai a hanya, ta iso bayan an rufe karɓa. Shekara guda Asma'u ta yi a gida tana taya uwarta jiran rumfar atamfa. Da shekara ta zagayo aka karɓe ta, amma aji biyu aka mayar da ita maimakon uku. Muka ce ba komai, tafiya sannu sannu kwana nesa. Cikin abin da aka ƙi amincewa da shi akwai wani kwas na aji ɗaya a ilimin sinadarai. Ta yi shi, ta ci da maki mai kyau, amma aka ce nauyinsa a can bai kai na nan ba, sai ta sake. Lokacinsa ya ci karo da wani darasi, sai ta bar shi zuwa gaba. Da ta je cika na aji biyu da ke biye da shi, shafin rajista na intanet ya ƙi karɓa. Mai shagon da ke cika wa ɗalibai fom a Kawo ya ce ta bar shi, baɗi ta haɗa. Ba mugunta ya yi ba, iya saninsa ke nan.

Bana tana aji uku aka gaya mata gaskiyar lamarin. Kwas ɗin nan na aji ɗaya shi ne ƙofar na aji biyu, na aji biyun kuma ƙofar kwas uku ne a ajin da take. Kowanne sau ɗaya ake yin sa a shekara, kuma ba a haɗa su. Shekara biyu za ta ƙara kafin ta matsa daga inda take. Waɗanda suka fara tare da ita a can sun gama, hotunansu take gani a waya cikin kakin bautar ƙasa.

Na yi iya yina. Ni malamar firamare ce, na saba da ofis da layi. Na je wurin mai ba ɗalibai shawara a sashensu, na tarar da mutum ɗaya ga ɗalibai cike da baranda. Ya saurare ni da mutunci, ya ce kwamfuta ce ke rufewa, shi ba shi da mabuɗi. Na je ofishin jarrabawa, suka ce in rubuto takarda ta hannun shugaban sashe. Na rubuta. Shugaban sashe ya sa hannu ya tura gaba, aka ce sai kwamiti ya zauna. Wata huɗu ke nan kwamiti bai zauna ba. Ban ga wanda ya wulaƙanta ni ba, shi ya sa ma abin ya fi ciwo, don ban san ƙofar wa zan je in yi kuka ba.

Da na rasa yadda zan yi, na nemi Nura. Bai bari na ƙarasa magana ba, ya ɗauki hutun kwana biyu ya bi mu ofis-ofis. Ya nemo bayanin kwas ɗin daga tsohuwar makarantar kamar yadda ya ga an yi masa. Aka karɓa aka sa a fayil. Da muka fito ya tsaya a bakin titi, ya ce, "Hajiya, ni na ga yadda Malam ya yi, amma ban san abin da yake gani a takarda ba. Wallahi kunya nake ji." Na ce masa ba shi da abin kunya. Ni da na shekara goma ina wuce tabarmar nan da kwanon kunu, ko sau ɗaya ban durƙusa na ce Yaya nuna mini ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. A lokacinsa fom na takarda ne, akwai mutum a bayan tebur da za ka iya yi wa bayani, ko ya ƙi yau ka koma gobe. Yanzu an sauƙaƙa abubuwa da yawa, ba na musu. Yaro na zaune a gida zai ga sakamakonsa a waya, ba a ɓatar da fayil kamar da. Amma allon waya yana ce maka a'a ne kawai, ba ya gaya maka dalili, balle ya ce da ka bi ta nan. Wataƙila da Yaya ya koyi kwamfutar, don ba shi da girman kai wurin koyo. Wataƙila kuma da shi ma ya tsaya a baranda tare da mu. Abin da na tabbata shi ne da ba a kai nan ba. Da tun ranar da aka miƙo wa Asma'u jerin abin da aka karɓa da abin da aka ƙi, zai ɗora yatsa kan kwas ɗin nan ya ce wannan za ki fara yi, ko da za ki bar komai. Maganar minti biyar ce. Rashinta ya ci shekara biyu.

Na gwada ja mata layukan da kaina. Na sayi doguwar takarda, na zauna da littafin dokokin sashensu, na tsaga gida-gida. Sau uku ina yi ina yagawa. Asma'u na gefe tana kallona, can ta ce, "Gwaggo, ki bar shi. Ni fa na gaji." Ba kuka ta yi ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Yanzu tana zuwa makaranta kwana biyu a mako, sauran kwanakin tana rumfa. Ta iya ciniki, har ta fi uwarta. Kowace rana ina ganin karatun yana sakin hannunta kaɗan kaɗan, kuma ba ni da abin da zan riƙe shi da shi. In na ce ta yi haƙuri sai ta ce to. To ɗin nan tata ita ke hana ni sukuni.

Shi ya sa bana nake auna abin da ya rage na Yaya. Bai bar littafi ba, bai horar da kowa ba, makarantar da ya yi wa aiki ta cike gurbinsa cikin wata guda. Abin da ya sani ya bi shi kabari, kuma a wannan ina ganin har da laifinsa, don bai taɓa tunanin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba. Abin da ya rage mutane ne, a warwatse, yawancinsu ban san su ba.

Makon jiya na je suna a Kawo. Wata mata da ban taɓa gani ba ta yi ta kallona, can ta matso ta ce ko ni 'yar'uwar Malam Mansur ce, don ta ga kamanni. Na ce ƙanwarsa ce. Ta kama hannuna da hannu biyu. Ta ce da goyo a bayanta ta je wurinsa tana shirin barin makaranta, yanzu ita ce shugabar wata sakandare ta 'yan mata, kuma ba ta taɓa idar da sallar asuba ba ta sa shi a addu'a ba. Na yi imani addu'ar nan tana isa gare shi, Allah ya karɓa, ya yalwata masa makwancinsa, ya sa alherin da ya shuka ya zame masa haske.

Sai ta tambaye ni ko ya bar 'ya'ya. Na ce mace ɗaya. Ta ce Allah sarki, ai 'yar Malam yanzu ta daɗe da gama digiri.

Na ce mata tana nan tana yi.