Na Ɓoye Ciwon Zuciyata Har Aka Buɗe Ƙirjina da Cikin Wata Biyar

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin da huɗu, ina aiki a wani kamfanin tabarmar roba a Sharaɗa, mu ne masu ɗinke baki idan inji ya saƙo. Ban daɗe da aure ba. Maigidana yana aikin jimar fata a Challawa, mutum ne mai haƙuri, amma akwai abin da ban taɓa gaya masa ba. Tun ina sakandare na yi wani zazzaɓi mai ciwon gaɓoɓi, likita ya ce ya taɓa wata ƙofa a cikin zuciyata, ya sa a riƙa yi mini allura duk wata. Na yi shekara biyu na daina don na ji garau. Da maganar aure ta zo na ja bakina na yi shiru, ina tsoron a ce mai ciwo ce.

Da na samu ciki sai numfashi ya fara gagarata. Matan wajen aikinmu suka ce laulayi ne, na yarda, don abin da nake so in ji ke nan. A wajen awo ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko na taɓa ciwon zuciya, na dubi idonta na ce a'a. Ƙafafuna suka kumbura, daga bakin titi zuwa ƙofar kamfani sai na tsaya sau biyu. Wata Laraba, cikina na wata biyar, na sunkuya zan ɗauki tabarma sai tari ya sarƙe ni, na ga jini a hijabina. Ban san lokacin da aka saka ni a adaidaita ba.

A asibiti aka yi hoton zuciya. Likitar, wata dattijuwa mai magana a tsanake, ta ce ƙofar ta tsuke ƙwarai, ga gudan jini a bayanta, don haka ba za a iya buɗe ta ta jijiyar cinya ba kamar yadda ake yi wa wasu masu ciki. Sati biyu ana gwada magani, ba sauƙi. Ta zaunar da ni da maigidana da mahaifiyata ta ce sai an buɗe ƙirji, za a tsayar da zuciyata a ɗora ni a kan inji, kuma a wannan lokacin jinin da ke zuwar wa abin cikina zai iya raguwa har a rasa shi. Idan kuma aka jira ya yi ƙwari, ba ta da tabbacin ni ko shi ɗayanmu zai kai.

A gabanta na gaya wa maigidana gaskiya. Sai ya ce, "Da kin faɗa mini, ai da ni zan riƙa kai ki allurar." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mahaifiyata kuwa kuka ta saka, wai a mai da ni gida a dage da addu'a, ita ba ta taɓa jin an yanka ƙirjin mai ciki ba. Na riƙe hannunta na ce, "Umma, ku yi mini addu'ar, amma aikin nan sai an yi shi. Na yi wasa da raina sau ɗaya, ba zan ƙara ba." Na karɓi biro na sa hannu.

Na farka da bututu a bakina, ba halin magana, sai nuna cikina nake. Wata ma'aikaciya ta gane, ta ɗora na'ura a kai ta ƙara sauti, na ji bugun zuciyar abin cikina da sauri-sauri. Daga baya aka gaya mini sau biyu yana yin ƙasa ana tsakiyar aiki. Cikin bai kai wata takwas ba aka ciro mini 'ya mace, 'yar mitsitsiya, ta yi sati biyar a kwalba. Yanzu shekararta uku. Ni kuma kullum sai na sha maganin tsinka jini, kuma ba zan sake ɗaukar ciki ba sai an zauna da likita an tsara.

Abin da na koya shi ne ciwon da aka ɓoye ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma ciki ba ya raga wa zuciya mai rauni. 'Yar'uwa, idan an taɓa ce miki kina da matsalar zuciya, ki faɗa wa mijinki, ki je a duba ki tun kafin ciki ya shiga. Kada labarina ya sa ki ɗauka kowa haka yake tsira. Matar da gadonta ke kusa da nawa, ita ma da cikinta, irin aikina aka yi mata. Ta tashi, amma cikin bai tsira ba; ranar da aka sallame ta, kayan jaririn da ta zo da su ni ta miƙa wa.