Ba Inna Ce Ta Kashe Baba Ba

Bana shekara hamsin da takwas ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sule mai mazarƙwaila, kuma har yau dangi ba su janye abin da suka ɗora wa mahaifiyata ba.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Baba yana cikin ƙarfinsa. Ya ci ɗumame, ya shiga gonar rakensa a bayan Makarfi, ya dafe ƙirji ya faɗi. Kafin a ɗauko shi rai ya yi halinsa. A ƙa'idar gidanmu, in an yi yanka tozo da kitsen ciki na maigida ne, akushinsa daban, man shanu har ya kwanta a kan miya. Inna ba ta taɓa saɓa wannan ba, kuma shi ya ja mata. 'Yan'uwansa suka ce shi kaɗai ya ci, shi kaɗai ya mutu, to wa ya zuba masa guba in ba ita ba? Tana gama takaba ta koma Paki wajen iyayenta. Har ta bar duniya, in ta taɓa tukunya a gidan biki sai a tsame hannu.

Inna na da shekara goma a kabari yayana shi ma ya dafe ƙirji ya faɗi matacce a kasuwar Hunkuyi. Duk da haka dangi ba su wanke ta ba. Bara kuma 'yata ta matsa mini na je aka ɗebi jinina. Likita ya duba takardar ya ce, "Hajiya, kitsen da ke toshe jijiyoyin zuciya ya yi yawa a jininki. Irin wannan kuwa yakan bi gado. An taɓa mutuwar fuju'a a gidanku?" Na fashe da kuka, ya ɗauka tsoro ne. Wallahi haushi ne.

Da Baba zai ga yau, na san sai ya yi dariya ya ce yaushe ɗigon jini ya san ajali. Gaskiyarsa, gwajin ba ya faɗin rana, haɗari kawai yake nunawa tun da sauran lokaci. Amma da ya ji an kira matarsa mai kisa saboda ta karrama shi, da Makarfi ta yi masa kaɗan.

Na kai takardar Kudan wajen Baffa Iro, ƙanen Baba, wanda ya rage cikin masu ƙazafin. Ya ce, "Abin da ya wuce ya wuce, 'yata."

Na ce, "A wurinku ya wuce, Baffa."

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, amma wannan ta cinye rayuwar mace guda. Gonar raken an sayar tuni. Abu biyu Baba ya bar mini, jininsa da taurin kansa. Jinin ina shan magani a kansa, 'ya'yana duk na tura su gwaji. Taurin kan kuwa ba na nema masa magani. Ranar addu'ar tunawa da Baba ta bana zan tsaya a gaban dangi in karanta takardar nan, wanda zai ji zafi ya ji. Sai Baffa ya nema wa kansa gafara da sunan Inna a bakinsa kafin in zauna.