Ledar 'Yan Dubiya

Likita ya duba gwajin hantar yayata, ya ɓata fuska, ya ce in juye ledar da munka zo da ita.

Ciwon jijiya gare ta, wanda ake kira MS, kuma dama saboda maganinta ake duba hantar. A ledar ga ƙwayar zinc daga Gwaggo, ga jiƙon maƙwabciya, ga kwalabe marasa suna.

"Hajiya, duk wanga kike sha?"

"Likita, mutum ya taso tun daga Gidan Dahala ya kawo min, in ce ba ni so?"

Ya ce ko zinc ɗin, kada ta ƙara sha sai da saninsa.

Kunyar mutane munka ji, hantarta ta sha wahala. Ku yaya kuke ƙin maganin dubiya ba a ɓata zumunci ba?